Yadda ake haɗa wa ɗalibi kyautar kammala sakandare idan zai wuce jami'a

Da zarar an ajiye alƙalamin jarrabawar NECO, sai makarantun sakandaren Kano su shiga bikin yaye ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Katin gayyata ya iso gida, ko a turo hotonsa a zauren WhatsApp na dangi, sai tambaya ta tashi tsakanin kawunnai da gwaggonni da yayye: me za a ba yaron nan? Abin da aka saba shi ne agogo, ko turare, ko hoto a firam. Duk suna faranta rai a ranar, ba na kushe su. Amma yaron da zai wuce Jami'ar Bayero (BUK) ko jami'ar Wudil ko ABU ta Samaru a Zariya, a makonsa na farko abin da zai nema shi ne inda zai yi caji, da abin da zai kulle kayansa da shi, da abin da zai ci ranar da lakca ta kai shi magariba, da kwafin wata takarda da ma'aikacin rijista ya ce sai ya kawo. Kyautar da ta toshe ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ita ce za ta yi masa rana.

Don haka shawarata ita ce ka raba kyautar gida biyu. Ranar biki ka ba shi ɗan abin da zai riƙe a hannu, ka sa masa albarka. Babbar kyautar kuwa ka riƙe ta, ta zama guzuri, sai gurbin karatu ya tabbata.

Mataki na ɗaya: kada ka sayi komai sai ka san inda za shi

Tsakanin bikin yaye da ranar tafiya akwai watanni. Sai sakamakon WAEC ko NECO ya fito, sai jami'a ta yi tata tantancewar bayan JAMB, sai sunan yaro ya bayyana a CAPS, shafin JAMB na bayar da gurbi, ya karɓi gurbin, sannan ake sanin inda aka dosa. Wanda ya cike likitanci a BUK yana iya samun kansa a Jami'ar Tarayya ta Dutse yana karanta wani fannin daban. Wanda kuma aka yi gaggawar saya wa katifa da tukwane, sai a ji ashe jeka-ka-dawo zai riƙa yi daga Rijiyar Zaki zuwa sabuwar BUK da ke nan kan titin Gwarzo.

Abu uku kake son sani: ina zai kwana, me zai karanta, me kuma ya riga ya mallaka. Idan ka tambaye shi kai tsaye me yake so, kunya ba za ta bar shi ba. Zai sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, duk abin da ka ba ni na gode." Sai ka sauya tambayar. Ka ce masa, "Ɗana, wa ka sani da ke aji biyu a can? Karɓo mini lambarsa." Wannan ɗalibin da ya riga shi shiga shi ne ya san abin da babu shi a takardar makaranta: ko an yarda a dafa abinci da gas a ɗakin kwanan ɗalibai, ko akwai katifa a gadon ko da taka za ka zo, sau nawa ake kawo wuta, ko ruwa na hawa sama ko sai an ɗebo a bokiti, wane layin waya ne ya fi kamawa a wurin. Makarantu da yawa sun hana rishon lantarki da hita a ɗakunan kwana saboda gobara, kuma idan aka kama, ƙwacewa ake yi. Kira ɗaya na minti biyar zai hana ka sayen abin da za a ƙwace.

Idan yarinya ce, bari innarta ko yayarta mace ta zauna da ita. Akwai buƙatun da ba za ta taɓa faɗa wa baffanta ba.

Mataki na biyu: a zauna da iyayen, a raba kaya tsakanin dangi

Kafin ka shiga kasuwa, leƙa wajen uban yaron ko uwarsa ka tambaya cikin hikima: an biya kuɗin rijista? Idan ba a biya ba, babu kyautar da ta kai ka ɗauki wani kaso na kuɗin nan. Yawancin makarantun gwamnati ta Remita ake biya. Ka sa yaron ya ciro lambar biyan daga shafin makarantar da kansa, a biya a banki ko ta waya, a buga rasit a ajiye. Kada ka damƙa kuɗin ga wani da ya ce ya san wani a ciki.

Idan an gama da wannan, sai a rubuta abin da ake buƙata, mutum ɗaya ya riƙe takardar, kowa ya faɗi abin da ya ɗauka. In ba haka ba, yaro zai tashi da filas uku da sallaya huɗu, babu kwaɗo ko ɗaya. Manyan abubuwa irin su kwamfuta a yi musu karo-karo, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum biyar su haɗu su sayi kwamfuta mai kyau ya fi kowannensu ya kawo ɗan abin da zai ƙare a ƙasan akwati.

Mataki na uku: babbar kyauta, kwamfuta ko waya

Ba kowane ɗalibi ne ke buƙatar laftof a zangon farko ba. Mai karanta tarihi ko Hausa ko shari'a zai iya shekara guda da waya mai kyau da shagon buga takardu. Amma mai karanta ilimin kwamfuta, ko injiniya, ko zanen gine-gine, da wuri zai buƙace ta, kuma kowa ma sai ya neme ta idan aikin bincike na shekarar ƙarshe ya zo. Idan kuɗin bai kai ba yanzu, gara a jira a tara da a sayo wadda za ta riƙa mutuwa a tsakiyar aiki. Araha ba ta ado.

Idan za a saya, Beirut Road da Farm Centre ne aka fi nufa a Kano, kuma mafi yawan abin da aljihun talaka zai iya ta hannu ce, wadda aka yi amfani da ita a waje. Wannan ba aibu ba ne. Kwamfutocin ofis irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad an ƙera su da ƙwari, kuma kayan gyaransu na samuwa a kasuwar. Ka tafi da wanda ya san kan abin, ka tafi da yaron shi ma ya gani ya koya, kuma ka ware awa biyu, don ba cinikin tsaye ba ne.

Fara da ƙwaƙwalwarta. Kada ka tsaya a kan an ce maka "Core i5 ce". Duba lambar da ke biye: idan ka ga i5-8250U, wannan 8 ɗin ta farko na nufin zubi na takwas, idan ka ga i5-6300U, zubi na shida ke nan. Bambancin na da muhimmanci, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa. Yaron nan shekara huɗu ko biyar zai yi da ita, don haka kada a yi ƙasa da zubi na takwas. RAM, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ake kan yi, kada ta gaza 8GB, ma'ajiya kuma ta zama SSD, irin mai saurin nan, mai aƙalla 256GB. Mai zanen gine-gine ko injiniya da zai riƙa buɗe manhaja mai nauyi irin AutoCAD, a nema masa 16GB in da hali.

Daga nan sai batir, wanda a garin da wuta ba ta da tabbas shi ne rabin kwamfutar. Mai shago zai ce maka tana awa biyar. Kai dai ka sa a buɗe Command Prompt, shafin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar da rahoto mai lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyun ya yi ƙasa da kashi 70 cikin 100 na na farkon, ni a ganina ko a sauya batir ko a rage kuɗi. Bayan haka a cire caja, a kunna bidiyo, a bar ta tana yi kuna ci gaba da duba sauran.

A buɗe shafin rubutu a danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. A gwada kyamara da lasifika da kowace ƙofar USB. A buɗe farin shafi a dubi allon da kyau ko akwai ɗigo ko layi. A buɗe murfin a rufe sau da yawa a ji ko maƙalar ta yi sako-sako. A kashe ta a sake kunnawa a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, a tabbatar babu kalmar sirrin wani kamfani da ta kulle ta. In duk ta tsallake, a rubuta rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar, da sunan shago, da kwanakin garantin da aka yi alkawari. Ka ɗauki hoton rasit ɗin ka ajiye a wayarka. Kada ku fito ba tare da jakar goyo mai soso a ciki ba, domin a cikin cunkoson adaidaita sahu allon kwamfuta ke fashewa.

Waya kuwa ba sai mai tsada ba. Batir mai ƙarfin 5,000mAh da ma'ajiya 128GB sun ishi ɗalibi ya tara handawut da littattafai. Idan ta hannu ce, a danna *#06# a ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta kwali ko ta rasit, a kuma tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa na Google ko iCloud. Wayar da ba ta da rasit, komai arharta, a bar ta, don kada wata rana a biyo sawu a kama yaron da bai ji ba bai gani ba. Ni ba na goyon bayan a ba ɗan aji ɗaya wayar da ta fi ta kowa a ɗakinsu. Ido take ja masa, kuma hankalinsa zai koma kan gadinta.

Mataki na huɗu: abin da zai riƙe shi idan an ɗauke wuta

Wannan shi ne sashen da mai matsakaicin ƙarfi zai yi abin da za a daɗe ana gode masa. Fawa bank mai 20,000mAh ta isa. Ka sani cewa ba duk ƙarfin da aka rubuta ne ke shiga waya ba, wani na tafiya a wajen juyawa, don haka wayar 5,000mAh za ta cika kamar sau biyu da rabi zuwa uku. Wadda aka rubuta wa wata ƙatuwar lamba alhali ba ta da nauyi a hannu, ƙarya ce a jikinta. Ka saya da wuri, a cika ta a gida, a gwada sau nawa take cika waya tun garantin bai ƙare ba.

Sai fitilar tebur mai caji, in son samu ne mai ɗan faifan sola, don karatun dare. Sai ekstenshan mai baki huɗu ko biyar mai kaurin waya, domin ɗaki ɗaya na iya zama da soket ɗaya tal, mutum shida na jira. Wanda zai zauna a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, fanka mai caji za ta cece shi daga Maris zuwa Mayu. A kasuwar Sabon Gari da kewayenta za ka samu duk waɗannan, kuma a sa a kunna maka kowanne kafin a mayar da shi kwali.

Masu kimiyya da injiniya suna buƙatar kalkuleta irin Casio fx-991ES Plus. Jabunta sun yi yawa, don haka a saya a shagon littattafan da aka sani. Kada a sayi mai iya adana rubutu, ana hana shiga jarrabawa da irinta. Farar rigar ɗakin gwaje-gwaje, da allon zane, da abin sauraren bugun zuciya, duk a jira sai sashen ya faɗi irin wanda yake so da lokacin da yake so.

Mataki na biyar: kayan ɗaki da sutura

Nan ba sai an daɗe ba. Bokiti biyu, buta, tukunya ƙarama biyu, faranti, kofi, cokula, wuƙa, kula ta abinci, igiyar shanya. Robobi a Ƙofar Wambai, kayan girki a kasuwar Rimi ko Sabon Gari. Akwati mai ƙwari da kwaɗo biyu masu kyau, makulli ɗaya a wajensa, ɗaya a gida. Sallaya da ƙaramin Alƙur'ani da littafin azkar ba sa cin wuri, kuma yawanci kaka ce ke son ta ba da su da hannunta, a bar mata wannan.

Gidan sauro mai magani kada a manta da shi ko kusa. Zazzaɓin cizon sauro a makon jarrabawa na iya jawo wa yaro maimaita darasi. Idan sabo ne, a buɗe shi a shanya a inuwa kwana guda kafin a kwana a ciki, a haɗa masa da igiya da ƙananan ƙusoshi. Mai tafiya Zariya ko Jos a sa masa bargo mai kauri da rigar sanyi da man basilin, sanyin can ya fi na gida cizo.

Sutura kuwa, Kantin Kwari na nan, amma a sayi abin da zai jure wanki da hannu da zaman benci. Yadi mai sauƙi kala uku ya fi shadda ɗaya mai tsada amfani. A kai wa tela da wuri, kada a haɗu da cunkoson ɗinkin salla. Jami'o'i da yawa, har da BUK, suna da dokar sutura, ɗaliban shari'a kuma fari da baƙi suke sawa, don haka a tambaya kafin a yanka. Takalmi ya zama wanda za a iya doguwar tafiya da shi, domin tsakanin ɗakin kwana da ɗakin lakca akwai nisa. Takalmin fata ɗinkin hannu na kasuwar Kurmi yana ƙarko, kuma idan ya tsinke kowane baduku zai gyara.

Mataki na shida: guzurin abinci

A nan iyaye mata suka fi kowa, kuma a ganina babu kyautar da ke tuna wa yaro gida kamar wannan. Amma lokaci ne sirrinta. Kada a soya komai sai makaranta ta sanar da ranar komawa kuma an tabbatar. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ko ba yajin aiki ana ɗage ranar buɗewa. Kayan da ba sa lalacewa, irin su taliya, sukari, madarar gari, ganyen shayi da sabulu, a sayo a kasuwar Singa a kan sari. Wake da gero da gyaɗa a Dawanau. Na soyawa kuwa sai saura kwana biyu ko uku.

Dambun nama shi ne sarkin guzuri, kuma wanda za a yi tafiya da shi ya bambanta da wanda za a ci a gida. A samu jan nama marar kitse, na cinya ya fi, a cire duk wata jijiya. A tafasa da albasa, citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro, gishiri da magi, da ruwa daidai, a bar shi ya yi laushi har ruwan ya tsotse a jikinsa. A daka a turmi tun da ɗuminsa har ya wargaje ya zama zare-zare. Sai a zuba man gyaɗa a kasko, a rage wuta, a zuba naman ana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Nan ne haƙuri ke aiki. Muddin kumfa na tashi, akwai sauran ruwa a ciki, kuma ruwan nan shi ke sa dambu ya yi funfuna. Idan kumfar ta kwanta, launinsa ya koma ja-ja, ya fara ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin cokali, ya yi. A tsame a matse man a tsaftataccen ƙyalle, a barbaɗa garin barkono, a baza a faranti ya huce sarai. Kada a rufe shi da ɗumi ko kaɗan, gumi zai yi. A zuba a ƙananan robobi uku ko huɗu maimakon babba ɗaya, yadda idan ya buɗe ɗaya abokan ɗaki suka taya shi, sauran na nan a kulle. A gaya masa kada ya sa jiƙaƙƙen cokali. Idan an soya shi haka, yana makonni bai yi komai ba.

Bayan dambu sai yajin ƙuli-ƙuli, wanda ke mayar da farar shinkafa da mai abinci. Sai garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, abincin daren da babu wuta babu gas. Sai garin ɗanwake da aka riga aka haɗa da kuka, a sa masa kanwa a gefe, a nuna masa yadda ake kwaɓawa da sakawa tun yana gida. Sai garin kunu da tsamiya. Sai kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da busasshen tumatir ga wanda ya iya miya. Kilishin Agadasawa, cincin, dabino da zuma na kwanakin farko ne, kafin ya gane kan wuri. Man gyaɗa da manja a zuba a jarka mai murfi biyu, a ɗaure bakin da leda, a sa su a buhu daban, nesa da akwatin tufafi da takardu.

Idan yaron bai iya dafa komai ba, to kyautar da ta fi garin ita ce koyarwar. A watannin jiran nan a shigar da shi kicin, namiji ne ko mace, ya iya shinkafa da wake, da taliya, da miya ɗaya.

Mataki na bakwai: fayil ɗin takardu

Wannan kyauta ce mai arha da kusan kowa ke mantawa da ita. Ka sayi fayil mai zif wanda ruwa ba ya shiga. Ka zauna da yaron ku jera sakamakon JAMB, takardar gurbin karatu, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar NIN, da takardar shaidar kammala makaranta. A yi wa kowacce fotokwafi da yawa, a ɗauki ƙananan hotuna, a kuma ɗauki hoton kowace takarda a tura a imel ɗinsa da na wani babba a gida.

Kuna jerawa kuna karanta sunan da ke kan kowacce. Idan wata ta ce Muhammad wata ta ce Mohammed, ko ranar haihuwa ta saɓa, yanzu ne lokacin gyara, tun yana gida kusa da ofisoshin da abin ya shafa. Irin wannan saɓanin na iya tsayar da rijista, kuma yana iya biyo mutum har lokacin bautar ƙasa.

A cikin watannin nan kuma a kai shi a auna idonsa. Akwai yaran da a ajin sakandare suke zama a gaba ba a gane ba, sai sun shiga babban ɗakin lakca mai ɗaruruwan mutane su kasa ganin allo. Tabarau kyauta ne babba ga irin wannan yaron. Mai asma ko sikila ko gyambon ciki a haɗa masa magungunansa da takardar likita.

Mataki na takwas: idan kuɗi za ka bayar

Kuɗi kyauta ce mai kyau, yadda ake bayarwa ne ke ɓata ta. Idan ka damƙa wa ɗan shekara 17 ko 18 dunƙulen kuɗi ranar tafiya, kafin wata ya ƙare sun narke, ba don ya lalace ba, don bai taɓa riƙe kansa ba. Ka raba abin da ka yi niyya zuwa watanni, ka sa rana, ka gaya masa: "Duk ɗaya ga wata za ka ga saƙona." Ka zaɓi adadin da ba zai gagare ka ba ko watan ya yi tsauri, domin zai gina lissafinsa a kai. A taimaka masa ya buɗe asusu da sunansa, ya yi BVN, a kuma ja masa kunne cewa babu ma'aikacin banki da zai kira shi ya nemi lambar sirri.

Asusun nan zai yi masa amfani idan zai nemi lamunin NELFUND, wanda aka fara a 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Ana neman NIN da BVN da lambar JAMB. Amma bashi ne, don haka a zauna da iyayensa kafin ya cike.

Ɗan jeka-ka-dawo shi aka fi mantawa da shi, ana cewa ai yana gida. Alhali yarinyar da za ta taso daga Hotoro ko Na'ibawa zuwa sabuwar BUK sai ta hau adaidaita biyu ko uku, zuwa da dawowa, kullum. Ɗaukar kuɗin motarta na zango guda, da kular abinci, da gorar ruwa, da lema, ya fi mata katifa da bargo nesa ba kusa ba.

Wanda ya riga ya iya wata sana'a, a ba shi kayan aikinta. Injin aski mai caji a ɗakin kwanan maza ba ya zaman banza, haka kayan ƙunshi da lalle a na mata. Wanda bai iya ba, a biya masa kuɗin koyon buga rubutu da Word da Excel a watannin jira, ya shiga jami'a yatsunsa sun saba.

Mai fita waje kuwa, a duba bakin soket na ƙasar. Malesiya da Yuganda irin namu suke amfani da shi mai ƙafa uku masu kusurwa, Masar kuma mai ƙafa biyu zagayayyu, sai an haɗa da adafta. Fawa bank a jakar hannu ake shiga jirgi da ita, ba a akwatin da za a auna ba. Nama kuma, ko busasshe ne, ƙasashe da yawa ba sa bari a shiga da shi, a bincika kafin a soya.

Mataki na tara: miƙawa, da abin da ke biyo baya

A rubuta sunansa da fenti ko alƙalamin da ba ya gogewa a gindin bokiti da tukunya da caja. A rubuta lambar jikin kwamfuta da IMEI na waya a takarda a bari a gida. A cikin fayil ɗin nan a sa wata takarda mai lambobin mutum uku ko huɗu, har da wani ɗan'uwa ko amini da ke zaune a garin da za shi, saboda ranar da waya ta ɓace.

Ka kai kyautar gida, a gaban iyayensa, ba a tsakiyar taro ba. Idan a gidan akwai sa'ansa da suka gama tare amma shi bai samu gurbi ba, kada ka shigo da kaya niƙi-niƙi ka wuce shi. Ka kira shi gefe ka ce, "Kuɗin JAMB ɗinka na baɗi a wuyana yake," ka kuma cika.

Sannan ka sa wa kanka tuni a mako na shida bayan tafiyarsa. A lokacin dambu ya ƙare, garin kwaki ya kusa ƙasa, gwajin farko ya matso, masu kiran waya kuma sun ragu. Kira shi ka tambaye shi abin da ya ƙare da abin da ya gano yana buƙata wanda babu wanda ya yi tunaninsa. Idan Zariya ko Kaduna yake, haɗa ɗan kwali ka ɗaure da kyau, ka rubuta sunansa da lambarsa a jiki, ka kai tashar Unguwa Uku ko Na'ibawa da safe. Ka biya kuɗin saƙon, ka karɓi lambar direba da ta motar, ka tura masa ya je ya jira a tasha.